Lihafin Habboba

Da suka komo unguwar Hajj Yusuf bayan yaƙi ya lafa a Khartum, ba su tarar da ko tsinke a gidan ba. An kwashe katifu, an kwashe barguna, an zare wayoyin wuta daga jikin bango, har murfin tukunya wani ya ga zai yi masa amfani. Abu biyu kawai aka bari: angarib ɗin tsohuwa, gadon nan na katako da igiya, saboda ƙafarsa ɗaya ta gurgunce, sai kuma baƙin keken ɗinki na takawa da ke ƙuryar ɗaki, wanda da alama nauyinsa ya fi ƙarfin kwaɗayin ɓarawon. Mawahib ta tsaya tana kallon keken, takaici ya ishe ta. Duk kayan gidan nan, sai abin da ba ta san kansa ba aka ga dama aka bar mata.

Kakarta, Inna Hadizatu, ba ta ga ko ɗaya daga cikin ɓarnar ba. Yanar ido ta gama da ganinta tun suna gudun hijira a Gadarif, haƙoranta kuwa sun riga idon tafiya. Ta dai lalubi angarib ɗin ta zauna, ta yi hamdala, sannan ta kwance wani ƙunshi da ke ɗaure a cikinta ta yi matashi da shi. Ƙunshin nan ya bi ta ko'ina, a bayan babbar mota da cikin ajin makarantar da aka tsugunar da su. Mawahib ba ta taɓa tambayar abin da ke ciki ba, ta ɗauka tarkacen tsofaffi ne.

Ita Mawahib haihuwar Umdurman ce. Mahaifinta Habibu, ɗan Inna Hadizatu tilo, ya auri 'yar can, gidansu kuma Larabci ake yi tun daga kofin shayin safe. Hausarta ta gaisuwa ce da cefane da amsa kira, shi ya sa tsohuwar ke mata laƙabi da Balarabiya, ita kuma tana ce mata Habboba, kamar yadda jikokin Sudan ke kiran kaka. Habibu ya rasu a shekarar farko ta yaƙin, ciwon suga ba magani. Kasuwa a rufe, hanya ba ta biyuwa, aka rasa ko ƙyallen farin yadi a unguwar, sai maƙwabta suka naɗe shi a bargon da ya yi jinya a ciki, suka binne shi a tsakar gida. Mawahib tana tsaye aka yi. Da suka haɗu da kakarta daga baya, tambaya ɗaya tsohuwar ta yi mata, da me aka rufe shi. Ta gaya mata gaskiya, tsohuwar ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Sanyi ya fara shigowa, irin na Khartum mai ratsa ƙashi da sassafe. Wata safiya Mawahib ta kawo shayi, ta tarar da Habboba a takure a kan tabarma da igiyar gado, ta lulluɓa da tsohon mayafi, ƙunshin nan a kan cinyarta a buɗe. Farin yadi ne mai yawa, an ninke shi tsaf, ninkin har ya yi ja saboda daɗewa.

"'Yar Habibu, ki share keken nan," in ji tsohuwar. "Ina so ki ɗinka min likkafanina tun ina ji."

Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san abin da ta roƙa. Amma Mawahib da Larabci ta san wannan abu, kafan take ce masa, kalmar kuma ta fito ne daga bakin da ba haƙori. Abin da ya isa kunnenta shi ne lihafi, wato mayafin nan mai kauri da ake cusa wa auduga a bi shi da ɗinki. Ga tsohuwa tana kakkarwa a gabanta, ga yadi, ga keke. Me kuma za ta roƙa in ba abin rufa ba? Ta amsa da sauri, "Hadir, Habboba," wato na ji zan yi, kuma a ranta daɗi ta ji, don tun da suka komo ba a taɓa sa ta aikin da ya wuce ɗiban ruwa da hura gawayi ba.

Tsohuwar ta kwanta ta miƙe a kan gadon ta ce a auna ta, a bar rara ta kai da ta ƙafa. Mawahib ta auna da igiya, tana yaba tunanin kakarta, ai kuwa lihafin da bai rufe ƙafa ba wahala ne. Habboba ta ce a nemo auduga, amma kaɗan ta isa. Mawahib ta yi murmushi, ta san tsofaffi da tsimi. Sai tsohuwar ta kamo hannunta ta ja mata kunne a kan abu ɗaya: kada ta kuskura ta ƙulla zaren, ko'ina ɗinki ya ƙare ta bar bakinsa a sake. Wannan kam Mawahib ba ta gane dalilinsa ba, amma ta ce to.

Matsalar dai ita ce Mawahib ba ta taɓa ɗinka ko gefen ɗankwali ba. Ta goge keken, ta ɗiga masa mai, ta taka shi ya juya baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Da ta ga abin ba na wasa ba ne, sai ta damƙa wa maƙwabta amanar tsohuwar, ta hau motar haya ta haye kogi zuwa Umdurman, wurin Khalti Ni'mat, ƙawar mahaifiyarta, wadda ta sake buɗe ɗinki a zaurenta. Motar ta bi ta kusa da tsohuwar unguwarsu. Mawahib ta sunkuyar da kai har aka wuce.

Ni'mat mace ce mai faɗa, ba ta iya koyarwa da lallashi ba. Da ta ji wai yarinyar da ba ta san yadda ake zura zare ba lihafi za ta fara da shi, sai ta tambaye ta ko ta taɓa jin wanda ya koyi iyo a tsakiyar Nilu. Duk da haka ta zaunar da ita. Ta nuna mata yadda ake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a baje auduga a kai falle-falle ba tudu ba rami, a rufe da wani ƙyallen, a bi da allurar hannu da manyan taku don kada su zame. Ta ce a tsawaita takun keke, a sassauta zare, a ja layi da guntun sabulu. Ta ce daga tsakiya ake farawa a yi waje, wanda ya fara rufe gefe zai ga cikin ya tattare ya rasa inda zai kai shi. Ta ce kada a ja, kada a tura, haƙoran keke sun san aikinsu, hannu raka su kawai yake yi. Duk lokacin da Mawahib ta manta ta ja ƙyallen sai ta ji duka a bayan hannu. A ƙarshe Ni'mat ta ce kowane layi ya ƙare a ƙulle zaren sama da na ƙasa, in ba haka ba wanki ɗaya zai warware aikin. Mawahib ta tuna gargaɗin kakarta.

Ta komo da allurai masu kauri, da farin zare, da buhun auduga wadda mai yin katifa a kasuwa ya shiɓa mata har ta tashi. Ta ajiye buhun a bayan ƙofa. Da Habboba ta tambaya ko an samu auduga, ta tsinko kaɗan ta sa mata a hannu. Tsohuwar ta murza ta a tsakanin yatsu, ta kai hanci. Ƙuruciyarta duk a gonakin Jazira ta ƙare tana tsinkar auduga tare da mijinta Malam Muhajir, sai ga ta tana ba da labarin yadda ƙaya ke tsaga yatsu da sanyin safiya. Ta ce wannan ma ta isa.

Mawahib ta fara da tsummoki da buhun fulawa. Ta karya allura, ta ɗinke gefen mayafinta a jikin aikin ba ta sani ba, ta yi layin da ya tashi gabas ya ƙare kudu. Wani gwajin samansa lafiya lau, da ta juya sai ta ga bayan duk ya yamutse. Ta yi kuka a kan keken ba sau ɗaya ba, kuma ba duka kukan ne na ɗinki ba. Sannu a hankali ƙafarta ta kama takun, keken ya daina gardama ya koma wata ƙara mai daɗin ji. Sai a lokacin ta yi bisimilla ta sa almakashi a farin yadin, ta yanka shi tsawo-tsawo daidai da igiyar awon, ta haɗa fallayen, ta ajiye ragowar a cikin ƙunshin.

Ta share tsakar ɗaki ta shimfiɗa, ta rarrafa a kai tana baje auduga har gwiwoyinta suka yi tsami. Ta nannaɗe rabin ta cusa shi ta ƙarƙashin hannun keken, nauyin sauran ta ɗora a kafaɗa, ta fara daga tsakiya. Layukan farko sun karkace, takun wani dogo wani gajere, ta so ta farke amma ta ji tsoron ɓata yadin. Tana matsawa gefe hannunta yana daidaita. Kowane layi ya ƙare sai ta ji muryar Ni'mat a kunne, ta tuna riƙon da Habboba ta yi wa hannunta, ta yanke zaren da tsawo ta bar shi yana lilo.

Tsohuwar tana kwance tana sauraron keke safe da yamma, abin ya fara ba ta mamaki. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sanya irin ta 'yan boko ba, a zamaninsu kafin ruwa ya yi zafi mata biyu sun gama shi da hannu. Mawahib ta ɗauka ruwan shayi ake nufi, ta yi dariyar cika bakin tsofaffi. Ta ce so take ya yi kyau, ya kuma daɗe. Habboba ta yi dariya har da tari, ta ce to wa zai gani? Ranar sun yi hira mai daɗi, kowacce tana ganin ta fahimci 'yar'uwarta.

Da hantsin wata Juma'a Mawahib ta lanƙwasa gefe na ƙarshe ta bi shi da ɗinki. Lihafin ya fito fari fat, mai nauyi, bakin zaruruwa suna reto a gefensa kamar gemun masara. Ta ce wa Habboba an gama. Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta ce a kira mata Husna ta gani, ta kuma san inda za a ajiye. Gwaggo Husna maƙwabciyarsu ce, dattijuwa, ita ke wanke matan unguwar idan sun rasu, amma Mawahib ba ta kawo wannan a ranta ba. Ta tafi kiranta da ɗokin a yaba mata.

Husna ta yi sallama ta zauna a bakin gado, ta ce ina yake. Mawahib ta ɗauko shi da hannu biyu ta baza a kan kakarta tun daga ƙirji har ƙafa, ta ja baya tana jira. Husna ta dubi lihafin, ta dubi yarinyar. Hannun tsohuwar ya fito yana lalube. Ya shafa yadin, ya san shi. Ya danna, ya ji kauri. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe, ya koma ya bi na kusa da shi.

"Mene ne wannan, 'yar Habibu?"

"Lihafinki, Habboba. Wanda kika ce."

Husna ce ta gane inda aka rabu. Ta sassauta murya ta faɗa mata da Larabci, yadda ba za ta sake kuskuren ji ba. "Kafan, 'yata. Likkafani ta ce miki. Yadin da Malam Muhajir ya tsoma a Zamzam ne shekarar da ya sauke farali. Biyu ya kawo, ya tafi da nasa."

Sai a nan Mawahib ta gane. Komai ya dawo mata bi da bi: awon da aka yi a kwance, rarar kai da ta ƙafa, audugar da kaɗan ta isa, ruwan da ake jira ya yi zafi. Kakarta ta yi ta gaya mata a fili, ita ce ba ta ji ba. Tsohuwa ta ɗauko yadin nan a cikinta ta ratsa yaƙi da shi, ba ta yarda ya yi ko ɗigon datti ba, ita kuma ta zauna ta huda shi ko'ina da allura tana murna.

Hawaye ya gangaro daga idanun da ba sa gani. Inna Hadizatu ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Habibu ya tafi a bargo," in ji ta. "Ni ma ashe a bargo zan tafi."

Mawahib ba ta san lokacin da ta isa wurin keken ta ɗauko reza ba. Ta durƙusa a gaban gadon tana neman inda za ta fara farkewa, sai Husna ta riƙe hannunta, ta ce da wannan gaggawar yadin za ta tsaga. Dattijuwar ta juya gefen lihafin tana dubawa, ta auna fallayen da kamu, ta tambayi ragowar aka nuna mata. Ta ce tsawon ya yi daidai, ragowar kuma za ta fitar da riga da ɗankwali, hudar allura ba ta hana yadi zama likkafani. Abin dai shi ne a raba shi da audugar ba tare da an yi masa rauni ba, wannan kuwa aiki ne.

Ana wannan bayani tsohuwar tana ta lalube. Yatsunta sun kai gefe, sun ci karo da zaruruwan da ke lilo. Ta kama ɗaya ta ja kaɗan, ya biyo ta.

"Ba ki ƙulla ba."

"Kin ce kada in ƙulla."

Habboba ta daɗe tana murza zaren. Iska ta turo ƙofar langa-langa, sanyi ya shigo ɗakin, sai ga tsohuwar ta jawo lihafin zuwa haɓarta ba tare da ta yi niyya ba. Ta kwanta shiru a ciki. Tun da aka komo gidan, ran nan ne kafaɗunta suka daina kakkarwa, kuma su duka ukun sun lura.

"Ajiye rezar," in ji ta. "Bar shi ya yi min sanyin bana. Amma ranar, ke za ki warware shi, ba Husna ba, ba kowa ba. Ke kika san inda kika fara." Ta lalubo fuskar jikarta. "Faɗi sunansa in ji, Balarabiya."

Mawahib ta yi ƙoƙarin kawar da kai. Tsohuwar ta jira, ba ta da niyyar yafe mata wannan.

"Likkafani."

"Yawwa. Yanzu kin iya."

Haka Inna Hadizatu ta ci sanyin shekarar a cikin likkafaninta, tana barci har rana ta fito. Matan unguwa suka ji labari, wasu suka ce abin ba daɗin ji, wasu suka aiko da tsofaffin mayafai a yi wa 'ya'yansu irinsa, don gidaje da yawa ba bargo. Mawahib ta yi musu, layukanta suka miƙe, tana ƙulle kowane zare kamar yadda Ni'mat ta ce. Amma kullum da safe in ta zo gyara shimfiɗar kakarta sai ta bi zaruruwan gefe da ido, ta mayar da wanda ya zame. Ta san abin da take kakkaɓewa, ta kuma san aikin da ke jiranta.

Sanyi ya wuce, zafi bai gama kankama ba, tsohuwar ta kwanta zazzaɓi. Ba ta daɗe ba. Ta cika wata safiya bayan ta kurɓi shayi, hannunta a cikin na Mawahib.

Husna ta zo da mata biyu, aka ɗora ruwa, aka kewaye gefen tsakar gida da labule. Mawahib ta shimfiɗa tabarma a ɗaki ta ɗora lihafin a cinya. Har yanzu da ƙanshin man da take shafa wa tsohuwar a jikinsa. Ta fara daga gefe, ta kama zaren ƙasa ta ja a hankali, ya taho, inda ya cije ta taɓa shi da bakin reza. Layukan waje masu kyau ba su ba ta wahala ba. Na tsakiya ne suka yi gardama, waɗanda ta yi tun ba ta iya ba, sai da ta bi su taku-taku tana share ido da gefen mayafi don ta ga zaren. Kafin ruwa ya yi zafi yadin ya rabu da audugar.

Ta kakkaɓe fallayen ta ɗaga su a hasken ƙofa. Yadin bai tsage ko'ina ba, sai sawun allura jere-jere, miƙaƙƙu a gefe, karkatattu a tsakiya inda zai kwanta a ƙirjin Habboba. Ta ninke su ta miƙa ta bayan labule tare da ragowar ƙunshin.

Can Husna ta miƙo hannu ta ce a ba ta auduga. Mawahib ta juya ga tulin da ke kan tabarma, ta cika hannu biyu ta kai mata.

"Kaɗan ta isa, 'yata," in ji Husna.